Kaza da Tsamiya da Dabino, Tsakanin Magariba da Isha'i

'Ya'yana, na san abin da da yawanku za su ce idan suka ji an haɗa zaƙi da nama a tukunya ɗaya. Za a yamutsa fuska, a ce ai wannan cimar Turawa ce, harshenmu bai saba da ita ba. To ku dakata, ku tuna miyar taushe. Kabewar cikinta zaƙi gare ta, yakuwar cikinta tsami gare ta, ga gishiri ga tantaƙwashi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ture kwanon ya ce baƙon abinci aka kawo masa ba. Ƙullun masa da na sinasir ana zuba musu sukari, a soya, a ci da miyar nama har a suɗe hannu. Albasar ma da kuke soyawa har ta yi ja, zaƙinta ne wuta take fitarwa. Don haka ɗanɗanon da zan yi muku magana a kansa bakinku ya riga ya san shi. Abin da ya rage shi ne ku iya tara tsami da zaƙi da gishiri a jikin kaza, ku sauke cikin awa ɗaya, a daren Talata ko Laraba da kowa ya dawo gida a gajiye.

A ƙasashen sanyi da wani ɗan itace ake yin wannan girki, ja ne ƙarami, sunansa ceri. Sukan dafa shi da ɗan sukari da wani abu mai tsami har ruwansa ya yi kauri, sai su riƙa shafa wa kaza tana kan wuta har fatarta ta yi ja tana sheƙi. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa nomansa. Mutanen Halab a Siriya suna da shahararren girkin niƙaƙƙen nama da ceri mai tsami, mutanen Iran kuma suna dafa shi cikin shinkafa. Amma itacen ceri ba ya yin 'ya'ya sai ya sha dogon sanyi irin na ƙasashensu, mu kuwa a Maiduguri watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Idan ma kun same shi a nan, a kwalba ne ko a gwangwani cikin babban kanti, da kuɗin da zai saya muku rabin kazar. Kada ku wahalar da kanku. Aikin ceri a wannan tukunya uku ne: ya ba da tsami, ya ba da zaƙi, ya sa ruwan ya yi kaurin da zai kama jikin nama. Tsamiya za ta ba ku na farko, dabino zai ba ku sauran biyun. Wanda yake son jan launin ma, sai ya jiƙa ɗan zoɓo ya ƙara.

Ina so ku san girman waɗannan abubuwa biyu da kuke wucewa a kan tire a bakin hanya. Unguwarmu ta Tsohuwar Maiduguri ta girmi birnin da ya ari sunanta. Ƙauyen yana nan zaune kusa da kogin Ngadda kafin Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa Yerwa, wato birnin, a 1907. Tun kafin wannan lokaci da ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma ke saukowa Borno daga Bilma da sauran garuruwan Kawar, can cikin Saharar da yau take ƙasar Nijar, kuma manyan kayan da suke ɗaukowa su ne gishiri da dabino. Tare suka yi ta keta hamada suna shigowa gidajen kakanninku. Tsamiya kuwa 'yar ƙasa ce, Afirka ce mahaifarta, daga nan ta bazu zuwa Indiya da sauran wurare. Hausawa suna dama kunu da ita, a nan Borno kuma babu gidan da bai san ardeb ba, musamman da azumi. Can Maroko har gobe ana dafa naman rago da zabibi da zuma, a kai wa baƙo na girma. Idan kuka haɗa tsamiya da dabino da gishiri a kan kaza, kayan gidanku kuka ɗauka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce daren Talata, ban ce ranar Sallah ba. Mun taso mun tarar kaza tana da ranakunta: ranar da aka yi baƙo, ranar da aka kai amarya, lokacin da mai jego take wanka, ko idan wani ya kwanta ciwo ana lallaɓa shi ya ci abinci. Wannan karamci ne, ina alfahari da shi, kuma kada ku bar shi. Abin da ke damuna shi ne yadda kulawar gaba ɗaya take tafiya ga na waje, mutanen gida kuma a bar su da abin da ya samu. Mahaifin da ya yini a rumfarsa a Monday Market, uwar da ta yini a aji tana fama da yara, wan da ya yini a kan Keke Napep cikin rana da ƙura, ƙanwar da ta dawo daga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat kanta na sarawa, su ma sun cancanci wani ya tsaya ya yi musu girki da natsuwa ba tare da wani dalili ba sai don su ne. Ina ganin samarinmu a teburin mai shayi kowane dare, indomi da ƙwai, jiya haka, yau haka, gobe ma haka. Ban ga laifin mai shayi ba, yana rufa wa mutane da yawa asiri. Amma saurayin da ya kai shekara ashirin bai iya ciyar da kansa daga tukunya ba, akwai wani 'yanci da bai samu ba tukuna, kuma ina so ya same shi.

Na san kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kaza ta tashi, gas ya tashi, gawayi ma ya bi su. Gidaje da yawa har yanzu ba su gama farfaɗowa daga ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ba, wadda ta shiga Maiduguri da Jere ta kwashe wa mutane hatsi da tukwane da jari. Ba zan ce muku ku ci kaza kowane mako ba, domin na san akwai gidan da sau ɗaya a wata ma sai an yi tanadi. Sai dai wannan girki yana da wani rufin asiri. Romonsa yana da ƙarfi, cokali biyu sun isa su ɗauki farantin shinkafa, saboda haka nama kaɗan yakan isa mutane da yawa. Rabin kaza, idan an yanka ta ƙanana, za ta ciyar da mutum biyar ba tare da wani ya ji an tauye shi ba. Ɗalibai masu ɗaki ɗaya su yi karo-karo. Wanda ba zai iya sayen kaza sukutum ba ya sayi cinyoyi ko fukafukai, su ne ma suka fi dacewa da wannan aiki saboda fata da ɗan kitsen da ke jikinsu. Tsokar ƙirji saurin bushewa gare ta.

Wajen saye ku san me kuke nema. Kazar gida ta fi garɗi, wannan babu musu, amma namanta yana da tauri, tana son awa ɗaya ko fiye a kan wuta kafin ta yi laushi. Ita ta ranar hutu ce, ko kuma a sulala ta tun da rana a ajiye. Ta daren aiki ita ce kazar gona, wadda ake kiwo sati shida zuwa takwas, domin minti ashirin zuwa talatin sun ishe ta. Ku kula kada a ba ku tsohuwar kazar ƙwai a matsayinta, waccan ta fi ta gida ma tauri. Idan kun je Kasuwar Gamboru ko wajen mai kajin unguwa, ku zaɓi mai rai da kanku: idonta garau, hancinta ba majina, ba ta gyangyaɗi, idan an ɗaga ta a ji nauyi a hannu. A yanka a gabanku da sunan Allah, a fige, a gyara. Game da kazar ƙanƙara kuwa ina da tsoro, kuma tsorona yana da dalili. Duk wanda yake garin nan a 2021, lokacin da aka fasa turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu muka shafe watanni cikin duhu, ya san abin da firji yake zama idan babu wuta. Naman da ya daskare ya narke ya sake daskarewa ba abin amincewa ba ne. Idan dole sai ita, ku saya a wurin wanda kuka san injinsa ba ya mutuwa, ku shinshina, ku duba launi, in kun ji wani bashi-bashi ku ajiye masa abinsa.

Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, irin masu kawo gudawa da zazzaɓi, kuma wanki ba ya kashe su, wuta ce kaɗai ke kashe su. Hatsarin ma a wajen wankin yake. Ku wanke ta a cikin roba guda, a hankali, kada ruwan ya fantsama kan kwanuka da kayan lambu, sannan ku zubar da shi nesa da inda yara ke wasa. Wuƙar da ta yanka kaza da katakon da aka yanka a kai kada su taɓa latas ko tumatir sai an wanke su da sabulu, hannuwanku ma haka. Mun ga kwalarar da ta biyo bayan ambaliya, mun san tsabtar madafa ba ƙyale-ƙyale ba ce.

To, ga aikin kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin a kira Magariba ku gama shirin da ba ya buƙatar wuta. Ga kaza mai nauyin kilo ɗaya, ku ɗebi tsamiya cikin tafin hannu ɗaya, ku ɗauraye, ku zuba mata ruwan zafi gwangwanin madara biyu. Dabino bakwai ko takwas, ku tsaga kowanne ku cire ƙwallon, ku duba cikinsa da kyau domin busasshen dabino yakan ɓoye ƙwari, sannan shi ma ku jiƙa shi a ruwan zafi daban. Kazar kuma ku tsane ta sosai, ku shafe ta da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da dakakkiyar tafarnuwa da citta da masoro, ku rufe. Ku je ku yi sallah. Kafin ku dawo tsamiya ta saki, dabino ya yi laushi, gishiri ya fara shiga nama. Sai ku dama tsamiyar da hannu ku tace da rariya, dabinon kuma ku kirɓa shi a turmi har ya zama lilis. Ku ɗora shinkafa a murhu na biyu idan akwai, don su sauka tare.

Na ce ku tsane kazar, kuma ina maimaitawa, domin a nan ne mafi yawan masu koyo suke rasa rabin daɗin. Naman da ke jiƙe ba ya soyuwa. Idan ya shiga mai, ruwan jikinsa ne zai fara tafasa, sai ya dahu fari fat, babu ƙamshi. Wannan jan da fata take yi idan ta haɗu da kasko mai zafi, shi ne tushen ɗanɗanon tukunyar duka. Ku zuba man gyaɗa cokali uku a tukunya mai faɗi, ku bari ya yi zafi, ku jera naman fatar tana ƙasa, kada ku cunkusa. In tukunyar ƙarama ce ku yi sahu biyu. Daga nan sai abu mafi wuya ga matashi: ku ƙyale shi. Kada ku juya, kada ku tsokana da cokali. Zai kama gindin tukunya da farko, amma idan ya soyu da kansa zai saki. Bayan kamar minti biyar ku juya ɗaya gefen, shi ma ya yi ja, ku kwashe a faranti. Cikinsa bai dahu ba tukuna, kuma haka ake so.

Abin da ya manne a gindin tukunyar, muddin ja ne bai yi baƙi ba, kada ku kankare shi ku zubar. Ku zuba yankakkiyar albasa manya biyu a kai, ku rage wuta, ruwan albasar zai ɗago shi ya narke a ciki. Ku ba albasar lokacinta har ta yi laushi ta fara ja. Sai attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon yadda gidanku ke cin yaji, da kanumfari ƙwaya uku, da ɗan ɓallin kirfa in kuna da shi. Kanumfari yana da ƙarfin hali, idan ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Wanda ya saba da kimba ya sa guda ɗaya ya cire kafin a ci. Ni nakan jefa ɗan guntun daddawa a nan, domin tana ba romon wani nauyi da dunƙule ba ya bayarwa, kuma tana hana zaƙin ya yi rinjaye. Idan ƙamshi ya tashi sai ku zuba ruwan tsamiya da kirɓaɓɓen dabino, ku gauraya, ku mayar da kazar tare da ruwan da ta zubar a farantin, ku rufe, wuta kaɗan-kaɗan, minti ashirin.

Zuma ita ce ta ƙarshe, kuma dalilin yana da muhimmanci. Duk wani abu mai zaƙi yana saurin ƙonewa, zuma kuma ta fi sukari saurin yin baƙi. Wanda ya shafa wa ɗanyar kaza zuma ya jefa a mai mai zafi zai ga waje ya ƙone ƙurmus ciki kuwa da jini, ga ɗacin da babu abin da zai gyara shi. Don haka sai kazar ta dahu sannan za ku buɗe murfin, ku zuba zuma cokali biyu, ku ɗan ƙara wuta. Daga nan ba a barin bakin murhu, ko wayarku ta yi ƙara ku bar ta. Ku riƙa ɗibar romon da cokali kuna kwarara wa naman, kuna juya shi, ruwan yana raguwa, kumfarsa tana ƙara girma tana yin nauyi. Cikin minti biyar zuwa bakwai za ku ga launin ya koma ja mai duhu, naman ya ɗauki sheƙi. Ku tsoma cokali ku ɗaga, ku ja yatsa a bayansa. Idan layin da yatsan ya bari ya tsaya bai rufe ba, ya yi, ku sauke nan take, domin zai ƙara kauri yayin da yake hucewa. Tsakanin daidai da ƙauri minti ɗaya ne. In babu zumar da kuka amince da ita, tunda ta haɗi ta yi yawa a kasuwa, mazarƙwaila za ta yi aikin, kuma ƙamshinta yana tafiya da tsamiya sosai. Ɗan man shanu a ƙarshe, bayan an sauke, yana ƙara masa kyau da ƙamshi irin na girkin Borno.

Yawancinku a kan gawayi za ku yi wannan, kuma gawayi ba shi da makunnin ragewa. Dabarar ita ce ku tara garwashin a gefe ɗaya na kurfoti. Lokacin suya tukunya ta hau kan tarin, lokacin dahuwa ku janye ta gefen da babu wuta sosai, ko ku kwashe wasu garwashin ku ajiye su don minti biyar na ƙarshe. Kuma ko da sanyin hunturu ya matsa, kada ku taɓa shiga da kurfoti ɗaki ku rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, an yi asarar rayuka da yawa ta haka. Tukunya kuma, in da hali ku yi amfani da ta silba mai kauri ko mai fenti a ciki. Tsami yana cin tukunyar dalma, yakan ba abinci wani ɗanɗanon ƙarfe, saboda haka idan ita ce kawai kuke da ita ku juye abincin a kwano da zarar an sauke.

Awon da na ba ku mafari ne kawai. Tsamin tsamiyar bana ba lallai ya zama ɗaya da na ta bara ba, dabinon wani gari ya fi na wani. Babu mai iya rubuta muku ainihin adadin, harshenku ne zai faɗa muku, kuma shi ma sai an koya masa. Kafin ku zuba zuma ku ɗanɗana. Idan tsamin ya sa kun runtse ido, ku ƙara dabino ko zuma. Idan zaƙin ya fara ginsar ku tun a cokali na farko, ku ƙara ruwan tsamiya ko ku matsa lemon tsami. Idan kuma kun ji komai yana nan amma abin ya yi lami, kusan kullum gishiri ne bai ji ba, ku ƙara ɗan kaɗan ku sake ɗanɗanawa kafin ku kai hannu kan dunƙule. Abin da ake nema shi ne mai ci ya fara jin gishiri da nama, sannan zaƙi ya biyo, sannan tsami ya zo ya wanke bakin ya sa shi neman wata loma. Wanda ya koyi wannan auna ɗanɗano a tukunya ɗaya ya koye shi ke nan a kowace miya da zai yi har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa na zaɓi wannan girki na fara muku da shi. Kafin ku raba, ku tsaga cinya mafi kauri har ƙashi. Kada a ga jini ko jan nama, ruwan da zai fito ya zama garau. Masu na'urar auna zafi digiri 74 suke nema a tsakiyar tsoka.

Farar shinkafa ce abokiyar tafiyarsa, domin ba ta gardama da romon. Idan kun samu ta gida, irin wadda ake nomawa a fadamar Jere wajen Zabarmari, ku saya, kuma ku ci da sanin darajarta. A ranar 28 ga Nuwamban 2020 an kashe manoman shinkafa da dama a gonakin Koshebe suna tsakar girbi, Allah ya jiƙansu da rahama, kuma 'yan'uwansu ba su daina fita gona ba. Abincin da aka samo da irin wannan sadaukarwa ba a barin sa a faranti a zubar. Burabusko ma yana shan wannan romo da kyau, haka sinasir ko gurasa. Ku yanka kokwamba da tumatir da ɗanyar albasa a gefe, a wanke su da ruwa mai tsabta, sanyinsu yana daidaita nauyin abincin.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan girki ne mai sukari, ko da daga dabino da zuma ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da babba yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato wajen ƙananan cokula 12, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Cokali biyu na zuma da aka raba wa mutum biyar ba su da yawa, amma idan aka bi su da lemon kwalba da shayi mai kauri lissafin ya canza. Ku sha ruwa a kai. Idan akwai mai ciwon sukari a gida, ku cire masa nasa naman kafin a zuba zuma, ku rage masa romon. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko dafaffiya ce, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙar ta ba.

Ku samari, da ku nake musamman. Na san akwai majalisar da za a yi muku dariya idan aka ji kun shiga madafa. Ku tuna an ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, idan lokacin sallah ya yi ya fita. An kuma ruwaito cewa yana son zuma da abu mai zaƙi, kuma Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin ya gan shi yana cin naman kaza. Manyan masu gashi da masu danderu na garin nan maza ne, babu wanda ya raina su. Me zai sa abin da namiji yake yi a bakin titi don kuɗi ya zama abin kunya idan ya yi wa mahaifiyarsa a gida ranar da ba ta jin daɗi? Akwai ranar da karatu ko aikin bautar ƙasa zai kai ka garin da ba ka da kowa, akwai ranar da matarka za ta haihu. Ka koya tun yanzu.

Ku kuma 'yan mata, kada ku ɗauki girki jarrabawar da za a yi muku a gidan miji, kuna yi gabanku na faɗuwa. Ilimi ne, naku ne, kuma ana ƙara shi da tambaya. Rikicin shekarun nan ya taro mana dattawan mata daga Bama da Dikwa da Monguno da Kukawa da Gwoza, da yawansu suna zaune a unguwar nan, wasu a ɗakin haya, wasu a gidan dangi. Kowace a cikinsu tana ɗauke da girkin garinsu a ka, babu inda aka rubuta shi. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku tambaye su yadda suke sarrafa tsamiya da yakuwa da man shanu, wane itace ne yake ba da ƙamshi, me ake sa wa kifin tafki ya bar ƙarni. Za ku ga yadda fuskarsu take sakewa idan aka tambaye su abin da suka sani. Idan kun yi wannan kaza, ku kai musu su ɗanɗana, ku saurari gyaran da za su yi muku.

Ƙamshin zuma da kanumfari ba ya tsayawa a gida ɗaya, zai tsallaka katanga, kuma a bayan katangar akwai yara. An yi mana wasiyya a hadisi cewa mai dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Wannan romo na kauri ne, ruwa zai ɓata shi, don haka ku yawaita shinkafar, ku ɗora tsoka ɗaya da cokali biyu na romo, ku ba yaro ya miƙa tun da zafinsa.

Idan an yi saura, kada ku bar shi a tukunya ya kwana yana jiran safe. A yanayin zafinmu dafaffen nama bai kamata ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje ba. Mai firji mai wuta ya juye a kwano mai murfi ya sa, ya ci cikin kwana biyu, ya ɗumama shi har ya yi tururi sosai, da ɗan ruwa kaɗan don kada zaƙin ya kama. Wanda ba shi da firji ya dafa daidai cikin mutanen gidansa. Sauran ruwan tsamiya da dabinon da ba su taɓa nama ba kuwa ku haɗa su, ku ƙara ruwa da citta, ku tace, ga abin shan gobe ya samu. In kun sake yi, ku gwada da zabo lokacin da yake araha, sai dai shi ku ba shi lokacin kazar gida.